Yadda ɗamewar fata ke sauya siffar abubuwa masu laushi

An yi tambaya kamar haka: sanannen abu ne cewa fatar ruwa tana da wata ɗamewa da ke sa ɗigo ya dunƙule, to shin daskararren abu mai laushi, irin su roba da jel, shi ma wannan ƙarfi yana taɓa siffarsa, ko kuwa abin ya tsaya a kan ruwa ne kaɗai? Amsar ita ce yana taɓawa, kuma a wasu lokuta shi ne ma ke da ta cewa a kan siffar baki ɗaya. Sai dai ba a kowane abu ake ganin haka ba, ba kuma a kowane girma ba, kuma akwai wani ɗan lissafi guda ɗaya da ke nuna inda za a gani da inda ba za a gani ba. Wanda ya riƙe wannan lissafi da kyau zai iya fahimtar kusan duk abin da masana suka gano a wannan fanni.

Asalin ɗamewar yana cikin zaman molekul, wato ƙananan ƙwayoyin da suka haɗu suka yi abu, da junansu. Molekul da ke tsakiyar ruwa yana kewaye da 'yan'uwansa ta kowane ɓangare, suna jan sa yana jan su, amma wanda ke kan fata ya rasa kusan rabin maƙwabtansa, don haka duk wata sabuwar fata da za a buɗe sai an biya kuɗinta da makamashi. Wannan ne ya sa ruwa ke neman rage faɗin fatarsa iya yadda zai iya, kuma da yake dunƙulalliyar siffa irin ta ƙwallo ce ke ɗaukar abu da mafi ƙarancin fata, sai ƙaramin ɗigo ya dunƙule. Ana auna wannan ɗamewa da nuton, wato ma'aunin ƙarfin ja ko turi, a kan kowace mita. Ta ruwa mai tsabta a zafin ɗaki tana kusan 0.072, ta sinadarin etanol kusan 0.022, ta zaiba kuwa tana kusan 0.48. Daskararren abu shi ma yana da fata, kuma molekul da ke kanta su ma sun rasa maƙwabta, saboda haka shi ma yana da tasa ɗamewar. Bambancin shi ne ruwa ba shi da wata siffa da yake tunawa, duk inda fata ta ja shi sai ya bi, amma roba da jel suna da dogayen molekul da aka ƙulle da juna suka zama raga, kuma ragar nan tana riƙe da siffar da aka zuba abin a cikinta, tana turjiya idan aka nemi a raba ta da ita. Siffar da ido ke gani a ƙarshe sulhu ce tsakanin fata mai neman tsukewa da ciki mai neman komawa yadda yake.

Turjiyar cikin ana auna ta da ma'aunin tauri mai ɗauke da sunan masanin kimiyya Thomas Young, wanda ake ƙirgawa da faskal, wato nuton a kan kowace murabba'in mita. Idan aka raba ɗamewar fata da wannan tauri, nuton ya tafi da nuton, mita ɗaya ta tafi da mita ɗaya, abin da ya rage tsawo ne. Zan kira shi tsawon rinjaye, domin shi ne ke nuna wanda zai yi rinjaye: duk wani sashe na abu da girmansa ya fi wannan tsawo sosai, taurin ciki ne ke mulkinsa, duk wanda kuma ya gaza shi, fata ce ke mulkinsa, sai ya riƙa nuna hali irin na ɗigon ruwa duk da cewa daskararre ne.

A gwada lissafin da abubuwan da aka sani. Taurin ƙarfe yana kusan faskal biliyan 200, ɗamewar fatarsa kuwa ba ta wuce nuton 1 zuwa 2 a kan mita ba, don haka tsawon rinjayensa bai ma kai faɗin ƙwayar zarra ɗaya ba. Shi ya sa injiniyan gini ko na mota zai gama aikinsa na rayuwa bai taɓa buƙatar sa ɗamewar fata cikin lissafinsa ba, kuma bai yi kuskure ba. Roba irin wadda aka saba gani tana da tauri kusan faskal miliyan 1, da ɗamewa kusan 0.03, sai tsawon ya zama nanomita 30 (nanomita kashi ɗaya ne cikin biliyan na mita), wanda har yanzu ya yi ƙanƙanta ga madubin ƙara girma na haske. Amma idan aka sauko zuwa jel mai taurin faskal 1,000, wanda ya yi kusa da laushin naman ƙwaƙwalwa, tsawon ya zama maikiromita 30 (maikiromita kashi ɗaya ne cikin miliyan na mita), kusan rabin kaurin gashin kai. Jel mai taurin faskal 30 kuwa yana kai tsawon zuwa milimita 1 cif, inda ido tsirara zai ga abin da ke faruwa. Tsakanin ƙarfe da wannan jel ɗin ɗamewar fata ba ta bambanta da fiye da ninki ɗari ba, amma tauri ya bambanta da ninki biliyoyi, don haka laushi ne ke buɗe ƙofar duk wannan al'amari.

Abu na farko da ake gani shi ne mutuwar kaifi. A zuba jel mai laushi a mazubin da ke da kusurwoyi masu kaifi da 'yan layuka sirara, a bar shi ya daskare, sannan a zare shi. Muddin yana cikin mazubin, siffarsa ta mazubin ce tsaf. Da zarar ya fito, fatarsa ta sami 'yanci, sai kusurwar ta dakushe ta zama lanƙwasa, tudun layukan ya ragu, kwarinsu ya ɗago. Dalili kuwa shi ne matsin da fata ke yi yana ƙaruwa gwargwadon tsananin lanƙwasarta, kamar yadda Thomas Young a 1805 da Pierre-Simon Laplace a 1806 suka bayyana: matsin cikin ɗigo ninki biyu ne na ɗamewa idan aka raba da rabin faɗin ɗigon. Ɗigon ruwa mai rabin faɗin milimita 1 yana da ƙarin matsi na faskal 144 kawai, amma mai maikiromita 1 yana da faskal 144,000, fiye da matsin iskar da ke kanmu. Kusurwa mai kaifi wuri ne da lanƙwasa ta kai maƙura, saboda haka matsin da ke can ya fi ƙarfin jel, dole ta lotsa har sai lanƙwasar ta ragu zuwa inda ragar ciki za ta iya riƙewa. Anand Jagota na Jami'ar Lehigh da Chung-Yuen Hui na Jami'ar Cornell, duk a Amurka, tare da abokan aikinsu, sun auna irin wannan baje zane a kan jel, kuma abin da ake gani shi ne manyan zane suna tsira, ƙanana kuwa suna ɓacewa. Wannan yana da muhimmanci ga duk mai son ƙera ƙaramar na'ura da abu mai laushi, domin akwai iyakar ƙanƙantar zanen da abin zai yarda ya riƙe, komai kyan mazubin.

Gwajin da ya fi burge ni a wannan fanni shi ne na Serge Mora da abokansa a Montpellier ta ƙasar Faransa, wanda aka buga a 2010. Tun ƙarni na 19 Joseph Plateau da Lord Rayleigh suka bayyana dalilin da ya sa siririn ruwan da ke zubowa daga famfo ke tsinkewa ya zama ɗigo-ɗigo: idan zaren ruwa ya yi kumburi a wani wuri ya yi siranta a wani, kuma tazarar kumburin ta fi tsawon kewayen zaren, to jimillar fatar tana raguwa, sai lamarin ya ci gaba har zaren ya tsinke. Mora ya yi sirarun sanduna da jel na agar, wanda ake samu daga ciyawar teku, ya sake su a cikin wani ruwan sinadari. Sandunan da suke da ɗan tauri ko kauri sun zauna a miƙe. Masu laushi da siranta kuwa sai suka yi kumburi da siranta a jere, daidai yadda zaren ruwa ke farawa, amma ba su tsinke ba. Sun tsaya cak a wannan siffa, domin ragar ciki ta yarda ta bi fata zuwa wani mataki sannan ta ƙi ƙarasawa. Iyakar da lissafi ya bayar tana da sauƙin riƙewa: ga abin da ba ya matsuwa, kamar yawancin jel, kumburin yana farawa ne idan tsawon rinjaye ya zarce kaurin sandar. A lura cewa jel mai irin wannan laushi yana lotsawa ƙarƙashin nauyin kansa ma, shi ya sa ake yin irin waɗannan gwaje-gwaje a cikin ruwa, inda ruwan ke ɗauke mafi yawan nauyin a bar fata da ciki su yi ta tsakaninsu.

Inda lamarin ya fi zurfi shi ne lokacin da ɗigon ruwa ya zauna a kan abu mai laushi, kuma a nan ya kamata a ɗan daɗe. A bakin ɗigo fatu uku ne ke haɗuwa: ta ruwa da iska, ta ruwa da daskararre, da ta daskararre da iska. Young ya daidaita jan da ukun ke yi a kwance, ya fitar da kusurwar da ɗigo ke yi da abin da ya zauna a kai, kuma har yau da wannan doka ake aiki. Amma fatar ɗigon tana tashi ne a karkace, ma'ana wani kaso na janta yana fuskantar sama, kuma babu wata fata da ke daidaita wannan kason. Daskararren ne ke ɗaukarsa. A kan gilashi, mai taurin kusan faskal biliyan 70, ɗagowar da wannan ja ke haddasawa ba ta kai girman zarra ba, sai aka yi watsi da ita. A kan jel kuwa labarin daban ne: bakin ɗigon yana jan jel ɗin sama ya yi wani siririn tudu da ya zagaye ɗigon kamar zobe, tsayinsa kusan tsawon rinjaye, yayin da matsin cikin ɗigon ke danna tsakiyar ƙasa ta yi ɗan kwari.

Masu bincike a Jami'ar Yale, a rukunin Eric Dufresne, sun kalli wannan tudu da kyau a 2011 da 2013. Sun barbaɗa ƙananan ƙwayoyi masu ƙyalli a kan jel na silikon, suka ɗora ɗigo, suka bi diddigin kowace ƙwaya da madubin ƙara girma don su ga inda ta koma. Abin da Robert Style da abokansa suka nuna a 2013 shi ne, can a kan tsinin tudun, kusurwar da jel ɗin ke yi ba ta damu da girman ɗigo ko kaurin jel ba. Fatun nan uku ne kaɗai ke daidaita junansu a wurin, kamar igiyoyi uku da aka ƙulle wuri guda, kuma wannan ita ce dokar da Franz Neumann ya bayar a ƙarni na 19 ga ɗigon ruwa da ke zaune a kan wani ruwan. Wato idan aka tsaya nesa, ɗigon yana bin dokar Young ta daskararre, idan kuma aka matso kusa da tsinin, ƙasa da tsawon rinjaye, yana bin dokar Neumann ta ruwa. A 2014 wasu masana a Koriya ta Kudu sun ɗauki hoton tsinin kai tsaye da hasken eksire. Amfanin wannan bincike ya wuce kallo, domin daga kusurwar tsinin ana iya lissafa ɗamewar fatar daskararren, abin da a da yake da matuƙar wuyar aunawa.

Tudun nan yana da sakamako a aikace. Idan ɗigo zai gangara, dole ya tafi da tudunsa, yana ɗago jel a gaba yana sakinsa a baya, kuma wannan murɗa jel ɗin yana cin makamashi. Alain Carré da Martin Shanahan sun nuna tun shekarun 1990 cewa ruwa yana bazuwa a hankali ƙwarai a kan roba mai laushi saboda wannan birki. Haka kuma rukunin Yale ya nuna a 2013 cewa idan kaurin jel ya bambanta daga wuri zuwa wuri, ƙananan ɗigo suna tafiya da kansu zuwa inda ya fi kauri, wato inda ya fi lotsawa, saɓanin ƙwayoyin jiki masu rai da yawa waɗanda aka san su da rarrafawa zuwa inda ya fi tauri.

Akwai kuma wani sakamako da ke cin karo da abin da hankali ke fara bayarwa. Ka'idar da John Eshelby ya kafa a 1957, wadda injiniyoyi ke dogaro da ita wajen lissafin abubuwan da aka gauraya, tana nuna cewa idan aka cika daskararre da ramuka masu ruwa zai ƙara laushi, tunda ruwa ba ya turjiya ga sauya siffa. A 2015 Style da abokansa suka cusa ƙananan ɗigo a cikin jel na silikon mai laushi, suka ja shi. Manyan ɗigo sun miƙe yadda ka'idar ta ce, amma ƙananan da girmansu ya yi kusa da tsawon rinjaye ko ya gaza shi sun ƙi miƙewa, domin fatarsu tana son su zauna a dunƙule, kuma jel ɗin gaba ɗaya sai ya fi tauri a kan yadda yake kafin a sa masa ruwa.

Yanzu ya wajaba a raba abu biyu da ake yawan cakuɗawa, wato laushi da siranta. Duk abin da aka ambata a sama ya shafi abu mai laushi, komai kaurinsa. Amma abu mai tauri ma yana iya bin jan fatar ruwa idan ya yi siranta, domin lanƙwasa siririn abu ba ta da wuya. Turjiyar falle ga lanƙwasa tana tafiya da kaurinsa ne sau uku a jere, ma'ana idan aka rage kauri da rabi, turjiyar ta ragu ninki 8, idan aka mayar da shi kashi ɗaya cikin goma, ta ragu ninki 1,000. Wannan ne ke sa gashin buroshin fenti ya tsaya a warwatse a cikin ruwa amma ya haɗe ya yi tsini da zarar an fito da shi, lamarin da José Bico da Benoît Roman da abokansu a birnin Faris suka yi wa cikakken lissafi a 2004. A 2007 kuma, tare da Charlotte Py da wasu, suka ɗora ɗigo a kan sirarun fallayen silikon da aka yanka da siffofi daban-daban. Yayin da ɗigon ke bushewa yana jan gefen fallen yana naɗe shi a jikinsa, mai kusurwa uku ya zama dala, mai siffar gicciye ya zama akwati mai fuska shida.

Masu ƙera kayan cikin kwamfuta sun san sharrin wannan ƙarfi tun kafin masana su gama rubuta lissafinsa. Idan aka wanke sirarun katangun da ake zanawa a kan fallen silikan, wato sinadari mai tauri da ake ƙera kayan lantarki da shi, ruwan da ya rage a gibi mai faɗin nanomita 50 yana iya jan katangun biyu da matsin da ya kusa faskal miliyan 3, kusan ninki 28 na matsin iska, sai su faɗa wa juna su manne. Mafita ɗaya ita ce a busar da su da iskar kabon dayoksaid a zafin da ya wuce digiri 31 da matsin da ya wuce ninki 73 na matsin iska, inda babu bambanci tsakanin ruwa da tururi, don haka babu fata kwata-kwata. A jikin ɗan Adam ma wannan gwagwarmaya ce ke gudana a huhu, inda ƙananan jakunkunan iska masu siraran bango suke shafe da ruwa. Kurt von Neergaard ya nuna a 1929 cewa huhun da aka cika da ruwa ya fi sauƙin buɗewa a kan wanda aka cika da iska, wato babban kaso na ƙarfin da ke tsuke huhu daga fatar ruwan yake. Jiki yana fitar da wani sinadari mai rage ɗamewar, kuma a 1959 Mary Ellen Avery da Jere Mead suka gano cewa ƙarancinsa ne ke sa jakunkunan huhun bakwaini su tsuke su manne, numfashi ya gagara.

Saura wani batu da nake ganin ya cancanci taka-tsantsan. Ana yawan kwatanta fatar ruwa da fatar ganga da aka ɗame, kuma kwatancen yana da amfani, amma yana da iyaka. Fatar ganga tana ƙara ɗamewa idan aka ƙara ja. Fatar ruwa ba ta yin haka, domin duk lokacin da aka faɗaɗa ta sababbin molekul suna tasowa daga ciki su cike gurbi, sai ɗamewar ta zauna yadda take. Daskararre kuwa yana iya zama tsakanin biyun, tunda molekul ɗinsa a ƙulle suke, jan fatar yana iya nisanta su da juna ya sauya ɗamewar kanta. Robert Shuttleworth ne ya rubuta dangantakar a 1950, ya bambanta makamashin fata da ƙarfin jan fata, waɗanda a ruwa abu ɗaya ne. Gwajin rukunin Dufresne na 2017 ya nuna ɗamewar jel na silikon tana ƙaruwa sosai idan aka tale shi, wani gwaji kuma daga Jami'ar McMaster ta Kanada a 2018 ya ga sauyin a robobi masu tauri irin na gilashi amma bai gan shi a roba mai talewa ba, kuma masana suna ta tafka muhawara a kai. A ra'ayina dole ne a riƙa tuna cewa jel mai laushi yana ɗauke da molekul masu yawa da ba a ƙulle su a ragar ba, suna yawo kamar mai, suna iya tasowa kan fata ko su taru a tsinin tudun, har su shafe ɗigon da aka ɗora. Duk wanda zai auna ɗamewar fatar jel ba tare da ya san yawan wannan sakakken kaso ba, zai yi wuya ya tabbatar ko fatar ragar ya auna ko ta man da ke kanta.

Wannan taka-tsantsan ya shafi auna tauri ma. Hanyar da aka saba ita ce a danna abu da ɗan ƙwallo a ga yadda ya lotsa, a fassara sakamakon da ka'idar Heinrich Hertz ta 1882, ko da gyaran da Johnson da Kendall da Roberts suka yi mata a 1971 don a sa mannewa a lissafi. Ka'idojin biyu ba su sa ɗamewar fatar abin da ake dannawa ba. Idan ƙwallon ya fi tsawon rinjaye girma sosai babu matsala, amma idan ƙarami ne, kamar bakin na'urorin da ake danna ƙwayoyin jiki da su, to wani kaso na turjiyar da na'urar ke ji daga fata yake, ba daga ciki ba, kuma jel ɗaya zai ba da tauri daban-daban gwargwadon girman bakin da aka danna shi da shi. Kafin a amince da irin wannan awo a kan abu mai laushi, a fara raba ɗamewar fatarsa da taurinsa, a gwada tsawon da ya fito da faɗin wurin da bakin na'urar ya taɓa.